Shekarar da Mijina na Fari Ya Dawo

An haife ni a Kusada, a gidan malamai. Mahaifina yana da makarantar allo a zaurenshi, yana kuma noman gero da wake kamar kowa. Ya karantar da mu mata kamar yadda ya karantar da maza, sai dai mu daga cikin gida muke biya namu. 'Yan shekaru bayan an sami 'yancin kai aka yi mani aure, aka kai ni wani ƙauye a ƙasar Boko. Mijina manomi ne, dogo, mai yawan dariya. Ban taɓa kiran sunanshi ba, kuma ba zan fara a nan ba. Daga baya kowa Soja yake ce mashi, ni ma haka zan ce.

Ɗanmu na fari yana rarrafe yaƙin basasa ya tashi. Aka riƙa shela a kasuwar Kankia ana neman samari. Ba wanda ya tilasta shi. Ya ga wani abokinshi ya zo ganin gida cikin kaki da manyan takalma, samari na bin shi a baya, shi ke nan ya sa abin a ranshi. Mahaifiyarshi ta yi kuka, ta sa aka yi mashi magana, bai ji ba. Ya gama girbi, ya zuba hatsi a rumbu, ya damƙa mu hannun ƙanenshi, ya shiga mota.

Da fari muna samun saƙon gaisuwa ta bakin masu zuwa hutu. Daga baya saƙo ya ɗauke. Wata rana wasu sojoji biyu 'yan ƙasarmu suka zo, ba su shigo gida ba, suka wuce wurin dagaci. A lokacin haka ake yi, labarin mutuwa ta ƙofar dagaci yake shiga gari. Ɗayansu ya ce suna ƙetare wani babban kogi cikin jirgin ruwa aka buɗe masu wuta, ya ga mijina ya faɗa ruwa bai taso ba. Ɗayan ya ce shi ma yana wurin. Liman ya rantsar da su, suka rantse. Suka miƙa bargonshi da wata 'yar jakarshi.

Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Na yi takaba a ɗakin surukata. Aka raba gado, gona ta zama ta ɗana, aka ce ƙanen uban ya riƙe mashi har ya girma. Shi kuwa gonarshi na jikin tamu, sai ya tuge gambar da ke tsakani ya haɗe su wuri ɗaya. Ba wanda ya ce mashi komai, don ana ganin duk gida ɗaya ne.

Na koma Kusada. Bayan wani lokaci wani mutumin Fakuwa ya aiko neman aurena. Matarshi ta rasu, yana noma da damina, ranar kasuwa kuma yana gyaran keke a wata rumfa a Kankia. Mahaifina ya kira ni ya tambaye ni, na ce na yarda. Shi da kanshi ya ɗaura auren. Surukata ta bar mani yaron, ta ce in ya yi wayo ya dawo gidansu. Mai keke mutum ne mara hayaniya. Hannunshi kullum baƙi da man keke, kuma bai taɓa bambanta yarona da ɗan cikinshi ba. Na haifa mashi ɗiya mace. Yaƙi ya ƙare, muka ji a rediyo, masu dawowa suka dawo. Ni na riga na gama kukana.

Ranar wata kasuwa da rani, ina surfe, sai ga maigida ya shigo tun rana ba ta yi tsaka ba. Bai taɓa dawowa a irin wannan lokacin ba. Ya jingine keke, ya zauna bakin turmin da ba na aiki da shi.

Na ce, “Lafiya, maigida?”

Ya ce, “Ajiye taɓaryar nan tukuna.” Na ajiye. Ya ce, “Uban yaron nan yana da rai. Yau ya sauka a tasha. Na gan shi da idona.”

Na ce, “Wane uban yaro?”

Ya san na ji. Ya ce Soja ya rame, ya yi baƙi, hannun rigarshi na dama a naɗe yake tun daga gwiwar hannu. Ya ce masu tallar fura da suka san shi sun watse da gudu. Ni ban yi kuka ba, ban kuma yi salati da ƙarfi ba. Na duba hatsin da ke cikin turmi na ga ban gama ba, sai na ɗauki taɓarya na ci gaba da surfe. Har yau ban san dalili ba.

Abin da Soja ya tarar a gida shi ne ɗakinshi ya zama wurin ajiyar harawa, gonarshi ba iyaka, matarshi da ɗanshi suna gidan wani. Uwarshi ta suma da ganinshi. A lokacin akwai tsoffin sojoji da yawa a Kankia, waɗanda aka sallama da waɗanda suka zo dogon hutu, suna wuni a tasha ba aikin yi. Suka ɗauki maganar kamar tasu. Suka ce su suna can ana harbinsu, mutanen gida suna nan suna rabon gonakinsu da matansu.

Mahaifina bai jira komai ba. Washegari ya zo Fakuwa da sassafe, ya gaisa da maigida a ƙofar gida, ya ce, “Ka yi haƙuri, ba za ta ƙara kwana a nan ba sai an san matsayinta.” Maigida ya ce, “Allah shi gafarta Malam, na san za ka zo.” Maigida da kanshi ya ɗaure mani kayana. Na goya jaririya, na kama hannun yaro, muka tafi.

Allah ya sa mun tafi, don da la'asar ɗin ranar sojojin suka cika wata babbar mota suka nufi Fakuwa, wai za su ɗauko ni. Samarin gari suka fito da sanduna da gatura. Aka fasa wa wani soja kai, aka karya wa wani saurayi hannu, aka cinna wa rumbun maƙwabcinmu wuta, gero ya ƙone ƙurmus. Ranar kasuwa ta gaba aka rushe rumfar gyaran keke. Daga nan abin ya bar kaina ya zama na garuruwa biyu. Mutanen Boko da na Fakuwa suka daina gaisawa a kasuwa. Akwai auratayya da yawa a tsakani, sai ga mata an hana su zuwa gidajen iyayensu. Wani biki da aka sa rana aka ɗage shi.

A shekarun nan an riga an karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai daga hannun sarakuna, sun koma na gwamnati. 'Yan sanda suka zo suka kama mutum kaɗan daga kowane ɓangare, suka sake su bayan 'yan kwanaki. Kowa ya san ba sa son tsayawa gaban sojoji. Wasu suka ba mahaifina shawara ya kai maganar kotu. Ya ce alƙali zai yanke hukuncin aure da safiya ɗaya, amma ba shi zai zauna tsakanin garuruwan nan ba bayan an tashi. Hakimi ma da ya ji, sai ya kira dagatan biyu ya ce su koma gida su kashe wutar, in ta gagare su sannan a hau sama. Dagacin Fakuwa ya ce na Boko ya girme shi, a zauna a ƙofarshi.

Dagacin Boko tsoho ne ƙarami, idonshi ɗaya ya yi fari. Ba shi da haƙoran tauna goro, sai an goga mashi. Yana magana a hankali har mutum ya ƙosa. Yana da wata yaya, tsohuwa tukuf, wadda duk gari ke ce wa Gwaggo. Duk maganar da ta shafi mace ta hannunta take bi kafin ta isa gare shi. Ita ta aiko aka zo da ni, ta zaunar da ni kusa da ita a bayan zanan da ya raba cikin gida da ƙofar gida. Ana jin komai, ana kuma hangen mutane ta ɓular zana.

Ta nan na fara ganin Soja. Yana zaune gaban sojojin, bai kalli kowa ba.

Mutane sun zo da shirin a yi ta cacar baki. Dagaci ya bari aka yi addu'a, sannan ya dubi Soja ya ce, “Tun da ka dawo, wa ya tambaye ka inda ka shiga?”

Soja ya ce, “Ba kowa, ranka shi daɗe.”

“To ni na tambaye ka. Faɗa mana tun daga ranar da ka bar nan. Kada ka tsallake komai, ba sauri muke ba.”

Ya fara da ƙyar, daga baya magana ta ɓalle. Ya faɗi yadda harsashi ya same shi a hannu, ya faɗa kogi, ruwa ya ja shi zuwa ɗaya gaɓar. Sojojin wancan ɓangaren suka tsince shi. Aka yanke hannun ba tare da allurar kashe zafi ba, don su ma ba su da ita. Ya zauna a wani sansani inda masu gadi da waɗanda ake gadi duk yunwa ɗaya suke sha. Ya ce ya ci ɓera, ya ci ganyen rogo, ya ga yara masu kumburarren ciki suna mutuwa a bakin hanya. Ya ce wata tsohuwa 'yar can, da ba su jin yaren juna, ita ta riƙa kawo mashi dafaffen rogo a ɓoye. Da yaƙi ya ƙare aka kai shi asibiti a kudu, ciwon ya ruɓe, aka sake yankewa, ya daɗe a kwance. Ya ba wani falken goro saƙo ya kawo gida, saƙon bai iso ba.

Tun hantsi yake magana har aka kira azahar. Wanda ya rantse ya ga mutuwarshi yana wurin, ya rufe fuska da hula yana kuka. Mutanen Fakuwa da suka zo da fushi suka yi tsit. Gwaggo ta miƙo mani gefen zanenta na share ido.

Da ya gama dagaci ya ce, “Mun ji. Sannu da dawowa. A tashi a yi salla.”

Ba a yanke komai ba ranar. Bayan salla aka fito da tuwo a manyan akusa, dagaci ya riƙa nuna wa kowa inda zai zauna, ya cakuɗa mutanen garuruwan biyu. Wasu sun ci, wasu sun ce sun ƙoshi. Na ji wani mutumin Fakuwa yana cewa sun baro aikinsu sun zo sauraron labari. Gwaggo ta ce mani, “Bar su. Mutumin da ba a saurare shi ba, ko an ba shi gaskiya ba ya jin an ba shi.”

Zama na biyu na gona ne da ɓarna. Ban je ba, ƙanena ya ba ni labari. Dattawa suka taka gonar da ƙafa, waɗanda suka san ta tun zamanin kakan Soja. Wannan ya ce iyakar daga gawon nan take, wancan ya ce a'a, daga tsohon suri ne. Suka yi ta ja har suka daidaita, aka kafa duwatsu, aka ce da ruwan fari a dasa gamba. Ƙanen Soja ya tashi ya ce takin da ya zuba shekara da shekaru fa? Dagaci ya tambaye shi amfanin da ya kwashe a shekarun nan, a rumbun wa yake. Ya zauna.

Rumbun da aka ƙona, aka ce waɗanda suka je da motar su za su gina shi da hannunsu, gidajen Boko kuma kowa ya kawo damin gero a cika shi. Rumfar keke ma haka. Mutanen Fakuwa su ɗauki jinyar wanda aka fasa wa kai, sojoji su ɗauki ta mai karaya. Wani soja ya ce su ba leburori ba ne. Dagaci ya ce, “Ubanka ne ya gina rumbun gidana, yana nan zaune, tambaye shi ko lebura ne.” Aka yi dariya, har da sojojin. Sun gina rumbun, ko da yake an ce ya ɗan karkace.

Kafin zama na uku Gwaggo ta sa aka kawo ta Kusada a kan jaki. Ta kori kowa daga ɗakin mahaifiyata, ta karɓi jaririyar ta ɗora a cinya.

Ta ce, “Ɗiyata, kin yi karatu, kin san abin da malamai za su ce.”

Na ce, “Na sani, Gwaggo.”

“To ba shi na zo tambaya ba. Ke mi ke ranki?”

Ba ta matsa mani ba, tana ta wasa da yarinya. Na ce, “Gwaggo, bai yi mani laifin komai ba, kuma ina tausayinshi. Amma na yi mashi takaba, na cire shi daga raina da ƙyar. Abin da shari'a ta ce zan bi. In dai zuciyata kike tambaya, tana Fakuwa.”

Ta ce, “Na ji. Kada ki faɗa wa kowa, ko uwarki.”

Ranar zama na uku mutane sun fi na kullum yawa, har daga Dudunni an zo. Limaman garuruwan biyu suka zauna da littattafansu. Na Boko ya yi bayani: matar da aka kawo wa labarin mutuwar mijinta, ta yi takaba ta yi aure, sannan mijin ya bayyana da rai, aurenta na fari yana nan, na biyu ya warware. Ba laifi a kanta, ba laifi a kan wanda ya aure ta. Na Fakuwa ya ce haka yake. Aka juya ga mahaifina, ya ce, “Ni na ɗaura na biyun, kuma ni na fara sanin ya warware.”

Mai keke ya miƙe. Ya ce, “Allah shi gafarta malamai, na ji na kuma karɓa. Ɗiyata fa?”

Liman ya ce, “Ɗiyarka ce ta halak. Duk wanda ya faɗi wata magana a kanta ya ɗauki zunubi.”

Ya ce, “Shi ke nan,” ya zauna.

Sojojin suka fara tafi da sowa. Dagaci ya ɗaga sandarshi har suka yi shiru. Sannan ya ce wa Soja, “Ka ji, matarka ce. Gaban kowa aka faɗa, ba mai ƙwace maka. Yanzu ni ke roƙo, ba hukunci ba ne. Tana shayar da ɗiyar wani. Ka bar ta gidan ubanta har ta yaye. Kai ma ka gyara ɗakinka, ka ga amfanin gonarka. In ka ƙi, ba mai cewa ka yi laifi.”

Soja ya sunkuyar da kai. Abokanshi suna ta yi mashi raɗa. Ya ce, “Ranka shi daɗe, na bari.”

Haka na yi damina guda a Kusada, ba ni da aure a hannu, ba ni kuma da 'yanci. Ba zaman daɗi ba ne. In na je rijiya hira takan tsaya. Wata ta taɓa ce mani mai maza biyu, mahaifiyata ta je har gidansu. Mahaifina ya ba ni 'yan matan unguwa in riƙa biya masu karatu da safe, shi ya riƙe ni. Duk Juma'a ƙanena yakan kai yaron Boko ya wuni wurin ubanshi. Ranar farko yaron ya ga dungun hannun uban ya tsala ihu. Bayan 'yan makonni sai ga shi yana dawowa da labarin Babanshi ya iya ɗaure igiya da hannu ɗaya da haƙori.

Abin da ke faruwa a can ta bakin Gwaggo nake ji, don takan aiko ko ta zo. Da aka yi shuka, dagaci ya kira gayya a gonar Soja. Ya aika wa dagacin Fakuwa, ba a matsayin dole ba. Mutum kaɗan suka zo daga can, mai keke na cikinsu, da garmarshi a kafaɗa. Ya kama kunya ya yi noma har aka tashi. Soja bai gaishe shi ba, bai kuma kore shi ba. Ya tsaya bakin gona yana kallo. Aka ce da aka kawo fura ya bar wurin.

Dagaci bai bar Soja ya koma zaman tasha ba. Kullum da safe yakan aika a kira shi ya zauna kusa da shi ana sauraron ƙararraki: akuya ta ci shuka, an toshe hanyar ruwa, wa da ƙane sun saɓa kan kuka. Wani lokaci sai ya juya ya ce, “Kai da ka ga duniya, mi ka gani?” Daga baya ya ɗora shi kan burtali da mashayar shanu, ya riƙa zagayawa yana hana manoma cin hanyar, yana hana makiyaya sakin dabba. Aikin tafiya ne, ba ya neman hannu biyu, kuma ana shakkarshi. Ba wai ya warke ba ne. In aka yi tsawa yakan kwanta ƙasa ya rufe kai. Ya taɓa shaƙe wani da ya dafa shi ta baya, da ƙyar aka ɓamɓare. Dagaci ya sa ya je ya ba da haƙuri, ya kuma sa aka gaya wa mutane su daina zo mashi ta baya. Akwai wani cikin abokanshi da duk wannan bai yi wa amfani ba. Ya sayar da gonarshi ya shiga mota, ba a sake jin labarinshi ba.

Bayan an kai amfani gida na yaye yarinyar. Na wanke kayana na ɗaure, ina jiran a zo a ɗauke ni. Wata safiya aka ce ana sallama, Soja ne da Gwaggo. Mahaifina ya ba su zaure, ya kira ni, ya fita ya bar mu da tsohuwar. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaida Soja. Ya yi ƙiba kaɗan. Tun da ya tafi yaƙi ba mu yi magana ba sai ranar.

Ya ce, “Kin yaye ta?”

Na ce, “Na yaye.”

Ya ce, “Tsohuwar nan na tambaye ta abin da kika ce mata, ta ƙi gaya mani. Ta ce in zo in ji da kunnena. In na ce ki tashi mu tafi, za ki bi ni?”

Na ce, “Zan bi ka.”

“Da son ranki?”

Na kalli Gwaggo, ta kau da kai. Na ce, “Zan yi maka biyayya, ba za ka ga wani abu daga gare ni ba. Amma ka tambaye ni gaskiya. Ba da son raina ba.”

Ya murza hularshi a kan gwiwa. Ya ce da yana kwance a asibiti, ba abin da yake tunawa sai gida yadda ya bar shi, ni ina daka, yaro yana rarrafe. Ya ce ya dawo ya tarar yaron yana gudu, shi kuma ba mutumin da ya tafi ba ne. Ya ce, “Ni kaina wani lokacin tsoron kaina nake. Ba zan zauna da wadda ke tsorona a ɗaki ɗaya ba.”

Na ce, “Ba tsoronka nake ba.”

Ya ce, “Na sani. Kira Malam.”

Mahaifina ya shigo da liman na unguwarmu. A gabansu Soja ya sake ni saki ɗaya. Sannan ya ce abu ɗaya yake so, ɗanshi. Mahaifina ya dube ni. Ina iya ja, don yaron bai kai a raba shi da uwa ba, kuma malamai za su tsaya mani. Ban ja ba. Na shiga ciki na haɗa 'yan rigunanshi da allonshi. Yana murna zai hau jaki da Gwaggo, ko waiwaye bai yi ba. Na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana, sannan na koma na kwanta, ban tashi ba sai la'asar. A duk abin da ya faru, wannan ne ya fi yi mani ciwo, kuma ba wani zama da aka yi a kanshi.

Da na gama idda aka sake ɗaura mani aure da mai keke. Ba biki, goro kawai aka raba. Dagacin Boko ya aiko da wakili, aka kuma ce shi ya sa aka yi bikin nan da aka ɗage a mako ɗaya da namu, don mutanen garuruwan biyu su yi ta kai da kawowa. Ba kowa ya huce ba. Ƙanen Soja bai sake amsa gaisuwata ba har ya mutu. Mai rumbun da aka ƙona ya ce geron da aka kawo mashi bai kai nashi kyau ba, kuma ya yi ta faɗa shekara da shekaru.

Soja ya auri wata bazawara daga Dudunni, suka haifi 'ya'ya. Ya riƙe aikin burtali har bayan rasuwar dagaci, lokacin da kuɗin mai suka shigo, aka yi kwalta, samari suka fara tafiya birni aikin gini. Ɗana ya tashi a Boko. Yakan zo mani da salla, wani lokacin ranar kasuwa. Da ya isa koyon sana'a ya ce gyaran keke yake so, daga baya babur. Uban bai hana ba. Shi ya kawo shi Kankia da kanshi, ya tsaya daga bakin rumfar maigida ya yi sallama, ya ce, “Ga shi nan, in ya yi rashin ji ka hore shi.”

Maigida ya goge hannu a tsumma ya ce, “To, madalla. Shigo daga ciki, rana ta yi zafi.”

Ya shiga ya zauna a kan benci, aka aika yaron ya sayo masu ruwa.